Tumbi alamar hutu ne, ko bashi ne da ake biya a gadon asibiti?

Baban Walida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya aka sallamo Yayana daga asibiti bayan kwana 12, alhamdu lillahi. Waɗanda suka yi addu'a da waɗanda suka je dubiya, Allah Ya bar zumunci.

Akwai abin da ya tsaya min a rai, shi ne na ce bari in kawo shi nan. Mura ce ta shiga shagonsu farkon hunturun nan. Su uku ta kama: shi Yaya, da yaron shagonsa, da wani dattijo mai turo musu kaya a baro. Yaron da dattijon kwana uku suka yi suna tari suka miƙe, shi dattijon ma bai fasa fitowa ba. Yaya kuwa, shekararsa 46 kacal, a dare na huɗu ya kasa kwanciya rigingine, sai dai a zaune an tokare masa baya da filo uku, yana jan numfashi kamar wanda ya yi gudu. Da muka isa asibiti aka maƙala masa abin nan na yatsa mai auna oksijin a jini, ya nuna kashi 86 cikin 100. Suka ce limoniya ce, nan take aka sa masa oksijin. A nan ne ma aka gano yana da suga, bai taɓa sani ba.

Ranar sallama aka ɗora shi a sikeli, kilo 118, bayan duk ramar jinya. Likitar ta ce masa, "Alhaji, wannan cikin yana cikin abin da ya hana huhunka buɗewa, sai ka fara tafiya a ƙafa." Yaya ya ji haushi, a mota yake ta faɗa wai yarinya ƙarama ta raina shi. Gaskiya ni ma na ɗan ji wani iri. To masana na wannan zaure, da gaske ƙiba na da alaƙa da yadda cuta mai yaɗuwa ke kayar da mutum, ko dai magana ce irin ta likitoci?

Ɗan Kwari:
Allah Ya ƙara wa Alhaji lafiya. Amma ni dai a bar maganar nan. Likitocin yanzu ko ƙaya ka taka ka je wajensu sai sun ce ka rage tumbi. Sirara nawa muka kai makwanci lokacin korona? Ciwo na Allah ne, wanda Ya ga dama shi yake ɗora wa.

Maman Sadiq:
Ɗan Kwari da alama an taɓo inda yake maka ƙaiƙayi 😂

Ɗan Kwari:
Hajiya ni tumbina na halak ne, da guminsa na tara shi.

Likitar Zaure:
Wa alaikumus salam Baban Walida, barka da arziki. Abokiyar aikina gaskiya ta faɗa, sai dai wataƙila ta faɗe ta a gaggauce, kuma mara lafiyar da ya ƙosa ya tafi gida ba ya son jin irin wannan. Bari in warware yadda abin yake.

Tsakanin ƙirji da ciki akwai wani faffaɗan tantani na tsoka. Duk numfashin da ka ja, sai ya sauka ƙasa sannan huhu ya samu wurin buɗewa. Idan kitse ya cika ciki, tantanin yana sauka ne da ƙyar, kamar ana tura ƙofar da aka jingine wa buhun shinkafa ta baya. Idan mutum lafiyarsa ƙalau, ba zai lura ba sai in ya hau bene. Amma ranar da ƙwayar cuta ta cika wani sashen huhu da ruwa, ragowar da ya kamata ya ɗauki nauyin aikin a matse yake. Shi ya sa Yayanka ya kasa kwanciya rigingine, da ya kwanta cikin ke danno ƙirjin.

Sannan kitsen cikin ciki ba ajiya ba ce kawai da ke zaune shiru. Yana fitar da sinadarai masu sa jiki cikin wani ɗan kumburi na kullum, wanda ba a ji ba a gani. Garkuwar jiki sai ta zama kamar maigadin da ake tasa kowane dare a kan ƙarya: ranar da ɓarawon gaske ya zo, ko ya makara, ko ya rikice ya yi ta harbi har ya ɓarnata gidan. Ga suga da hawan jini da yawanci suke rakiyar ƙiba, ga jinin da ke saurin daskarewa a jijiya. Suga in ya hau, ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta ba sa aiki yadda ya kamata, ciwo kuma ba ya saurin warkewa.

Ba da korona aka fara gane haka ba. Tun annobar murar aladu ta 2009 likitoci suka lura masu teɓa sosai sun yi yawa a ɗakin kulawa ta musamman, har hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sa su cikin jerin waɗanda mura ke yi wa mummunan kamu. Da korona ta zo, a 2020 aka tattara bincike da yawa wuri guda aka duba, sai aka ga mai teɓa in ya kamu, yiwuwar a kwantar da shi ta ninka ta mara teɓa har da ɗoriya, yiwuwar mutuwa kuma ta ƙaru da kusan rabi.

Ɗan Kwari, babu wanda ya ce siriri ba ya mutuwa. Mai hular kwano ma yana mutuwa a hatsarin babur, amma ka je ɗakin hatsari ka ƙirga su wa suka fi yawa.

Injiniya Abuja:
Likita na tuna Boris Johnson, firaministan Birtaniya na lokacin. A watan Afrilun 2020 sai da aka kai shi ɗakin kulawa ta musamman a asibitin St Thomas da ke Landan. Da ya warke da bakinsa ya ce ƙiba ta yi masa yawa, a watan Yulin shekarar gwamnatinsa ta fito da shirin yaƙi da teɓa. Kuma wani rahoto na ƙungiyar yaƙi da teɓa ta duniya a watan Maris na 2021 ya ce kusan kashi 90 cikin 100 na mace-macen korona zuwa lokacin sun faru ne a ƙasashen da fiye da rabin manyansu nauyinsu ya wuce ƙima. Wannan ai ya kashe bakin magana.

Malamin Lissafi:
Injiniya a'a, wannan na ƙarshen bai kashe komai ba, kada mu ɗora wa jaki kayan raƙumi. Ƙasashen da ke da masu ƙiba da yawa su ne kuma ke da tsofaffi da yawa, su ne kuma ke rubuta kowace mutuwa da sanadinta. Mu nan fa? Ku tuna Kano a watan Afrilun 2020, masu haƙar kabari ne suka fara kwarmata yawan gawarwaki kafin hukuma ta ce uffan, kuma yawancin mamatan ba a yi musu gwaji ba. Ƙasar da ba ta ƙirga matattunta ba, ba za a gwada ta da wadda ta ƙirga ba. Ina tare da Likita a kan abin da aka auna a jikin mutum ɗai-ɗai, amma kwatanta ƙasa da ƙasa akwai rami a ciki.

Likitar Zaure:
Malam ya yi gaskiya, shi ya sa ban kawo shi ba. Kuma shekaru sun fi ƙiba ƙarfi a maganar korona, wannan ba a jayayya a kai.

Ɗan Kwari:
Yauwa, kun ga ko masanan ma ba su daidaita ba.

Maman Sadiq:
Sun daidaita a kan tumbinka, ƙasashe ne ba su daidaita a kai ba.

Malam Na Tudun Wada:
Ƙanina Ɗan Kwari, ciwo na Allah ne, babu musu. Amma shagonka ma arzikinsa na Allah ne, kuma ban taɓa jin ka tafi gida ka bar shi a buɗe ba. An ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. A hadisin Abu Dawuda, Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da ita ta wuce shi. Daga baya da ta yi jiki suka sake, ya wuce ta, ya ce wannan a madadin waccan. To mu yanzu masallacin da ke ƙarshen layi sai an tada mota. Na san wanda ke hawa adaidaita daga bakin kasuwa zuwa ƙofar banki, tafiyar da ba ta kai minti 5 ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Malam ku maza ai kuna da damar fita. Ni in na ɗaura takalmi na fita zagaye unguwa da asuba, kafin azahar labari ya kai wa surukata cewa an gan ni ina yawo. Iyayenmu ba su san wani motsa jiki ba, amma sun yi daka, sun yi niƙa a dutse, sun ja guga, sun yi surfe. Yanzu inji ke komai, ruwa 'yan garuwa ke kawowa, mai hali kuma ga 'yar aiki. Daga kan gado sai kujera, daga kujera sai kan waya. Ni kaina tun haihuwata ta huɗu gwiwa ta hana ni sallah a tsaye sosai. Kuma abin haushi, in ka rame a ce miji ba ya kula da kai, in ka yi jiki a ce ka saki kanka. Ina za mu sa kanmu?

Nas Ɗakin Haihuwa:
Hajiya kin taɓo min inda nake so. Ku bar ma wadda ƙibar ta zo mata da kanta, ku zo ku ga masu sayenta da kuɗinsu. Sha-ka-fashe nake nufi. Yarinya an sa mata rana, ƙawaye su ce amarya ba ta kyau a bushe, sai a haɗa mata ƙwayoyi a kemis ko a sayo haɗin da ake tallatawa a Facebook da TikTok, wani a cikin kwalba ba ko suna. Yawancin irin waɗannan haɗe-haɗen, ko maganin buɗe ciki ne, ko kuma dexamethasone da danginsa. Shi wannan na biyun aikinsa shi ne danne garkuwar jiki. Fuska ta yi zagaye kamar faranti, wuya ya yi tozo, ciki ya fito, ƙafafu kuma a tsotse, fata ta yi laushi tana tsagewa. Ba ƙiba ba ce ta lafiya, ruwa ne da kitse suka taru inda bai kamata ba.

Na yi jinyar wata, ba zan faɗi inda nake aiki ba. Tiyatar haihuwa aka yi mata, ɗinki ya ƙi kamawa, kullum in na ɗaga naɗin cikin don in wanke sai in tarar bandejin ya jiƙe, wurin ba ya shan iska. Sai da ta yi kusan wata ana wanki. Da ƙyar ƙanwarta ta faɗa mana abin da take sha tun kafin biki, shekara biyu kenan.

Don Allah duk wadda ta san ta daɗe tana sha, kada ta yanke shi rana ɗaya bayan karanta wannan, hakan na iya kayar da ita. Ta je asibiti ta faɗi gaskiya, a hankali ake janye shi.

Injiniya Abuja:
Ikon Allah. Ba shi ne maganin da aka ce yana ceton masu korona ba?

Likitar Zaure:
Shi ne. A watan Yunin 2020 wani babban gwaji a Birtaniya ya nuna yana rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Amma na 'yan kwanaki ne, ga wanda garkuwar jikinsa ta haukace tana cin huhunsa, a ƙarƙashin idon likita. Wanda ke shan sa wata da watanni don ya yi kumatu, maigadinsa yake ɗaurewa da kansa.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Ni ina da ja kaɗan. Na yi shekaru ina aiki wajen da ake jinyar yara masu tamowa. Abin da na gani da idona, wanda ƙyanda da gudawa da zazzaɓin cizon sauro ke ɗauka shi ne yaron da hannunsa bai fi kaurin babban yatsana biyu ba. A garuruwanmu, daga nan har Katsina da Sakkwato, yunwa ta fi ƙiba kisa. Ina tsoron kada mu ɗauko damuwar Turawa da suka ƙoshi mu yafa, alhali maƙwabcinmu bai ci na dare ba.

Likitar Zaure:
Ɗan uwa ba ja ba ne wannan, rabin maganar ce ka kawo. Garkuwar jiki tana lalacewa ta gefe biyu. Tarin fuka misali, ramammen da ba ya samun abinci ya fi kamawa, rashin abinci mai gina jiki na kan gaba cikin abubuwan da ke jawo shi a duniya. A jihar Jharkhand ta Indiya an gwada ba iyalan masu tarin fuka tallafin abinci, sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna sababbin kamuwa a cikin gidajen sun ragu sosai. Cutar noma mai cin fuskar yara, wadda akwai asibitinta na musamman a Sakkwato, ita ma 'yar yunwa ce.

Amma a birane yanzu gida ɗaya za ka shiga ka tarar da duka biyun: uwa nauyinta ya wuce ƙima, yaro kuma ya tsumbure. Abinci ɗaya suke ci, taliya da manja da lemon kwalba da burodi, ciki ya cika amma babu abin gina jiki. Sannan mai suga yiwuwar ya kamu da tarin fuka ta kai ninki biyu zuwa uku, ka ga ƙiba ta zagayo ta bayan gida ta haɗu da cutar da muke cewa ta ramammu ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya na fama da teɓa, sama da biliyan ɗaya kenan. Turawa ba su kai yawan da za su cike wannan adadin su kaɗai ba.

Baban Walida:
Likita na gode ƙwarai. To amma mutum kamar Yaya, kilo 118, sai ya zubar da nawa kafin a ce ya fita daga haɗari? Don in na ce masa sai ya rage kilo 40, wallahi ko farawa ba zai yi ba.

Likitar Zaure:
Kada ma ka kawo masa maganar kilo 40. Abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa shi ne motsin kansa yana da amfani tun kafin sikeli ya motsa. A kudancin Kalifoniya, cibiyar lafiya ta Kaiser Permanente ta saba tambayar marasa lafiya minti nawa suke motsa jiki a mako, ana rubutawa a fayil tun kafin annoba. Da korona ta zo suka duba mutum 48,440 da suka kamu, aka buga sakamakon a 2021. Waɗanda kullum ba sa motsi, yiwuwar a kwantar da su ta ninka ta masu cika minti 150 a mako fiye da sau biyu, ta mutuwa kuma kusan sau biyu da rabi. Wannan bayan an cire tasirin shekaru da ƙiba da suga da shan taba a lissafin. Har waɗanda ke ɗan taɓawa ba sa cikawa sun fi marasa yi kwata-kwata.

Minti 150 ɗin shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta wa baligi a mako, wato minti 30 sau biyar. Tafiya ce mai ɗan sauri, wadda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Tsoka in tana aiki tana zuƙe suga daga jini, kitsen ciki kuma yana cikin wanda ke fara narkewa. Yaya kuwa yanzu ya tashi daga limoniya, ya fara da minti 5 zuwa 10 a tsakar gida, ya tambayi likitarsa in ya koma kafin ya ƙara. Wanda ke cikin zazzaɓi kuma ba ya motsa jiki, hutawa yake har ya sauka.

Malamin Lissafi:
Likita kin san ba zan bari ya wuce ba. Ta yaya aka san motsin ne ya kare su? Wataƙila dama masu lafiya ne ke iya motsi, masu ciwo a ɓoye su ne ke zaune. Kuma mutane ne suka faɗi mintocin da bakinsu, kowa kuwa ya san in likita ya tambaye ka sai ka ɗan ƙara gishiri.

Likitar Zaure:
Duka biyun gaskiya ne, binciken lura ne ba gwaji ba, ba za a raba mutane gida biyu a ce wasu su zauna shekara biyu sannan a sa musu cuta ba. Amma an sake ganin irin wannan sakamakon a Koriya ta Kudu da Afirka ta Kudu da Birtaniya, kuma amfanin tafiya ga suga da hawan jini an tabbatar da shi ta gwaji tun tuni. Malam, in ma rabin tasirin ne na gaske, maganin da ba a saya ko sisi ai bai yi tsada ba.

Maman Sadiq:
Ni roƙona ɗaya, a daina yi wa masu jiki dariya a asibiti. Ƙanwar babana ta daina zuwa awo saboda duk zuwa sai an yi mata tsiya a gaban mutane wajen sikeli. Ƙafarta ta kumbura ta yi ja, ta zauna a gida tana shafa man zafi har sai da abin ya shiga jini. Wasu gado ne, wasu magani ne ya sa su, wasu haihuwa. In an kunyata mutum ba ramewa yake ba, ɓuya yake.

Ɗan Kwari:
Hajiya da ke ce kika fara yi min tsiyar fa.

Maman Sadiq:
Kai ai abokin wasa ne, kuma ba a gaban sikeli na yi maka ba.

Ɗan Kwari:
To Likita, tsakani da Allah, ni kilo 96 ne, tsayina mita 1.70. Ina cikin su ko ban kai ba?

Likitar Zaure:
Ana raba nauyi da tsayi sau tsayi. 1.70 sau 1.70 ya ba da 2.89, a raba 96 da shi, ka samu 33 da ɗoriya. Daga 25 nauyi ya wuce ƙima, daga 30 teɓa ce. Amma wannan awon ba ya bambanta tsoka da kitse, ɗan dambe ma zai iya haurawa. Wanda ya fi sauƙi, karɓi tef ɗin tela ka auna cikinka daidai saitin cibiya, ba ƙasan tumbi inda kake ɗaure wando ba. Kada ya kai rabin tsayinka. Kai tsayinka inci 67 ne, ke nan kada ya wuce 33 da rabi.

Ɗan Kwari:
Innalillahi. Akwai tela a maƙwabcin shagona, yanzu ya auna ni yana dariya. 43.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni dai na yanke shawara, tsakar gidanmu taku 22 ne daga ƙofar kicin zuwa zaure, na ƙirga ɗazu. Bayan sallar asuba kafin yara su tashi zan riƙa kai da komowa. Surukata in ta ji labari sai dai a ce mata an gan ni a gidana.

Baban Walida:
Na karanta wa Yaya bayanin buhun shinkafar da aka jingine wa ƙofa, ya yi shiru, sannan ya ce in tambayi Likita ko zuwa masallaci a ƙafa sau biyar yana shiga lissafin minti 30 ɗin, don daga gidansa minti 4 ne.

Likitar Zaure:
Yana shiga, zuwa da dawowa minti 8 sau biyar, 40 kenan. Amma da ɗan sauri, ba tafiyar gaisawa da kowane mai shago a layi ba. Kuma ya bari sai likitarsa ta sake duba ƙirjin.

Ɗan Kwari:
Baban Walida ka tambayar min Alhaji wane masallaci ne, nawa a jikin katangar gidana yake.